Ƙwayar da Ba ta Biyo ta Aljihu ba

A duk shekarun da na yi ina gadin ƙofar sakandarenmu ta jeka-ka-dawo a ƙasar Ikara, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Litinin ta tsakiyar damina, lokacin da ake maimai a gonakin masara. Tunda na fara iya rubutu a ajin yaƙi da jahilci, na ga ya kamata in rubuta muku ita, ku da kuka shigo aikin a bayana.

Ga wanda bai san aikin ba, mai gadin makaranta ba buɗe ƙofa kaɗai yake yi ba. Kullum da safe ina laluben aljihu da jaka da safar kowane ɗalibi namiji, wata malama kuma tana duba mata. Yara har suna suka sa mini, Baba Kwastan. Dokar makaranta kuwa a fili take: wanda aka samu da shan ƙwaya za a kira mahaifinsa, kwamitin ladabtarwa ya zauna, a kore shi.

A ranar ana tsaye a layin taron safe, sai Sa'idu, ɗan aji biyar da ke zuwa a keke daga wajen Saulawa, ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa na karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce farfaɗiya. Ni da malamin ajinsu muka ɗauke shi a babur zuwa asibitin sha-ka-tafi. Da ya farfaɗo, ma'aikacin lafiya ya ja mu gefe ya ce wannan ya fi kama da aikin ƙwaya, kuma ba ta yau ba ce.

Yaron nan ba shi da kwaramniya, ba ya cikin masu tsayawa a bayan tasha, kuma da hannuna na lalube shi a safiyar. Biro kawai na samu da guntun rogo.

Washegari kwamiti ya zauna a ofishin shugaban makaranta. An kira ni domin in yi bayanin yadda abin ya wuce ƙofata. Mahaifinsa, Malam Garba, ya iso da bulala a hannu. Mun san shi sarai, domin duk taron iyaye da malamai shi ne ke miƙewa ya ce a riƙa zane 'yan ƙwaya a gaban jama'a.

Shugaba ya faɗa wa Sa'idu cewa idan ya ambaci mai ba shi za a duba lamarinsa, in ya ƙi kuwa karatunsa ya ƙare, saura shekara ɗaya ya rubuta jarrabawar fita. Yaro ya sunkuyar da kai. Aka lallaɓa shi, aka tsorata shi, ya ƙi ambatar kowa. Uban ya ɗaga bulala, na riƙe masa hannu na ce ya yi haƙuri, nan ofis ne.

Sai ya juya yana rantse-rantse. Ya ce bai taɓa barin yaron ya fita bayan isha'i ba, bai ba shi waya ba, daga sallar asuba gona suke wucewa tare kafin ya taho makaranta.

"Ranka ya daɗe, me na rage shi da shi? Ni da kaina nake jefa masa maganin gajiya a kununsa don kada ya zo muku yana gyangyaɗi."

Malama Hajara, mai koyar da kimiyya, ta ɗago kai.

"Baba, wane maganin gajiya?"

Ya sa hannu a aljihun gaba, inda yake ajiye goro, ya zaro katin magani ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi ta karanta, ta miƙa wa shugaba. Tiramol ce, mai ƙarfin ma.

Malam Garba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ai wannan a wurin mai magani na kan babur yake saye ranar kasuwa, kowa na saye, har 'yan ƙwadago ake zuba wa a kunu su yi aiki da kyau. Ya ce shi a saninsa ƙwaya abin 'yan iska ce da ake sha a ɓoye. Malama ta ce masa a hankali, ita ce dai wannan ɗin.

Bulalar ta faɗi daga hannunsa. Dattijo ya zame ya zauna a ƙasa, ya cire hula, yana ta salati.

A nan ne Sa'idu ya yi magana. Ya ce ya gane maganin tun zangon da ya wuce, ranar da aka nuna musu hotunan ƙwayoyi a aji. Ya yi ƙoƙarin bari, jikinsa ya ƙi, har ya koma yana ƙarawa daga aljihun uban. Shugaba ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ɗazu.

"Yallaɓai, a kore ni ya fi mini sauƙi da in kira sunan Baba a gaban mutane."

Kwamiti bai kore shi ba. An haɗa shi da asibiti, aka riƙa rage masa a hankali, domin an ce yankewa lokaci ɗaya ma haɗari ne. Ya sha wuya, ya rame, amma ya rubuta jarrabawarsa.

Kafin hutun zangon da abin ya faru, shugaba ya kira taron iyaye maza. Wannan karon ba a yi dogon wa'azi ba. Malama Hajara ta jera katunan magungunan a kan tebur, ta ce kowa ya matso ya gani da idonsa. Malam Garba ne ya fara miƙewa, ya ba da labarinsa da bakinsa. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga dattawa da dama, har da masu zama sahun gaba a masallaci, suna dafe aljihun gaba a hankali.

Abin da na koya ke nan. Mun daɗe muna nuna wa yara hoton ƙwaya muna tsorata su, ba mu taɓa nuna wa iyayensu ba. Har gobe ina laluben aljihu, aikina ne, ku ma ku yi. Amma in kun ga yaro idonsa ya canza, kada ku tsaya a kan su wa yake bi. Ku tambaye shi me ya karya da shi da safe, kuma wa ya ba shi.