Inda Raga Ta Ƙare

Ranar Asabar da ta wuce ina wanke mota a ƙofar gidana a garin Pleasant Garden, sai ɗan maƙwabcina ya doki ƙwallo da kulkin katako a bayan gidansu. Ƙwas! Kafin in yi wani tunani na saki tiyo, na ɗaga kai ina neman inda ta nufa. Na kusa shekara arba'in, amma jikina bai daina yin haka ba. Zan gaya maka dalili, kuma zan bi shi daki-daki, don ni ba na son labarin da ake tsallake-tsallake.

Farko dai filin wasan. A gabashin birnin Greensboro yake, ba nisa da jami'a, tsakanin tsofaffin gidaje da coci-coci. An gina shi ne don tunawa da samarin yankin da suka tafi yaƙin duniya na farko ba su dawo ba. Ƙofar shiga uku ce a jere, kowace da baka a samanta, kuma a jikin bango akwai allunan tagulla masu ɗauke da sunayen mamatan. Duk mai shiga kallo sai ya wuce ta gabansu. 'Yan gari kan wuce suna cin gugguru suna dariya. Baba kuwa in ya zo wurin yakan rage murya.

A da har tsere da wasu wasanni ana yi a ciki, kafin ya zama gidan 'yan besbol masu cin abinci da wasan. Shi ya sa fasalinsa bai daidaita ba, gefe ɗaya dogo, ɗaya gajere. Lokacin da na san shi ya riga ya tsufa. Kankare ya tsattsage. In an yi ruwa, kwana biyu yana ɗiga a ƙarƙashin matakala, wurin yana warin danshi da giya da man suya. Bencuna sun matso fili ƙwarai, har kana jin nishin mai jifa.

Wasan kuwa, mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo, ɗaya ya doke ta da kulki. Girmanta bai wuce lemon zaƙi ba, amma in ka riƙe ta sai ka ce dutse aka naɗe da fata. Kuma ba kowane duka ke tafiya gaba ba. Wani yakan kauce ya yi cikin 'yan kallo. Don haka aka ɗaura raga a bayan mai duka. Ta ɗan miƙa hagu, ta ɗan miƙa dama, sai ta ƙare a jikin wani dogon ƙarfe. Daga ƙarfen nan zuwa gaba, babu komai tsakaninka da ƙwallo sai iska.

Na biyu, Baba. Yana cikin masu gyaran filin. Da safe ya share jar ƙasa, ya yayyafa mata ruwa, ya ja farin layi da igiya. In hadari ya taso su ja tamfol su rufe. Lokacin wasa yakan zauna a kan naɗaɗɗen tamfol ɗin a gefen fili, kuma ma'aikaci ba ya taka fili, ba ya ɗaga murya, har sai an kira shi. Ran Lahadi ana ba iyalan ma'aikata tikiti. Kafin ya fara kai ni, ya sa na haddace doka uku. Ɗaya, a bayan raga ake zama. Biyu, in mai jifa ya ɗaga ƙafa, idonka na kan ƙwallo. Uku, ba a ba fili baya. Kullum a mota sai na karanta masa su, da Hausa, don ba ya karɓar Turanci a wannan.

Na uku, Kaka, mahaifiyar Baba. Ta zo daga gida ne lokacin da Mama ta haifi ƙanwata, don wankan jego. Da Mama ta koma aikinta a gidan kula da tsofaffi, sai Kaka ta zauna raino. Ɗakuna biyu ne gare mu a bene kan High Point Road, wadda yanzu ake ce wa Gate City Boulevard, kuma ƙanwata ba ta san gadon jarirai ba. A bayan Kaka take kwana, a bayanta take tashi.

Dole ka fahimci abu ɗaya, in ba haka ba labarin ba zai shige ka ba. Baba ɗan farin Kaka ne. Tana yaye shi ta ba yayarta, can ya girma, ita yake kira Inna. Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa. Da safe ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, magana ta ƙare. Duk sauran saƙo ta bakina yake bi. Ni kuwa jika ne, abokin wasa. Maigida take kirana, tana yi mini gorin ban taɓa kawo cefane ba. Duk abin da ya fito daga bakina, a wurinta wasa ne. Ka riƙe wannan.

Wata Lahadi a tsakiyar zafi, ina da shekara tara, ƙanwata tana wata huɗu, Mama tana aiki. Baba yana ɗaura takalmi, sai Kaka ta ce da ni, "Maigida, tambayi mutumin nan, gonar da yake nomawa ba a girbi, ana barin tsofaffi su gani?"

Na tambaya, ko da yake yana jinta. Ya ƙarasa ɗaura takalminsa. Sannan ya ce in ɗauko ruwa da hular jaririya.

Wasan rana ne. Iska ta tsaya cik, sama ta yi fari, gumi na bin baya. Baba ya raka mu da kansa har bayan raga, ƙarƙashin rumfa, ya nuna mini benci da yatsa, ya sa na karanta doka uku, ya tafi wancan gefen fili.

Yanzu zan faɗi abin da na yi. A filin nan, duk wanda ƙwallo ta faɗo wurinsa, tasa ce. 'Yan ajinmu da yawa suna da ita, ni ba ni da ko ɗaya, don bayan raga ba ta zuwa. Mutanen da ke bayanmu suna shan giya suna ihu, na ga Kaka ta toshe hanci da bakin mayafi. Sai na ce mata can gaba akwai wuri fayau, babu mashaya. Ba ƙarya na yi ba. Amma na san abin da ya kai ni. Na riƙe hannunta muka wuce ƙarfen nan, muka sauka har benci na uku daga ƙasa, inda kusan babu kowa.

Ta zauna, ta dubi fili. Ta ga ƙarti sun sunkuya da fararen wanduna kamar an shafa musu a jiki. Ta kuma hango ɗanta a kan tamfol, daidai saitinta. Sai ta yi salati, ta tattara zane, ta tsallake benci, ta zauna tana fuskantar matakala. Ta ba fili baya. Ita a ganinta mutunci ta tsare. Amma jaririyar da ke goye a bayanta ita ce yanzu a gaba. Zafi ya sa ta cire wa ƙanwata hula. Kan ya langaɓe a saman zanen goyo, babu gashin kirki, kuma daga inda nake ina ganin maɗigarta tana bugawa a hankali.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba. An manna gargaɗi a bango, lasifika ma ta faɗa. Da Turanci ne, kuma ni ne mai fassara.

Wani ƙato ya shigo duka, mai saurin kai kulki. Ta farko da ya doka ta kauce ta yo gefenmu, ta wuce can sama, ta bugi bencin da babu kowa, har ya yi ƙara kamar an jefar da kwano. Yara suka ruga nema. Ni ban motsa ba. Sai na dubi kan ƙanwata.

Na ce, "Kaka, juyo. Ba a ba fili baya."

Ta ce, "Kishi kake yi kada a ce na kalli samari? Kwantar da hankalinka, ban ga wanda ya fi ka ba."

Ta biyu ta zo ƙasa-ƙasa. Ban ma gan ta ba, iskarta na ji. Ta kwashe kofin wani dattijo da ke benci biyu a samanmu, ƙanƙara ta watse har kan ƙafafunmu. Mutane suka yi shewa. Kaka ta dubi ƙanƙarar ta ce ko shaye-shayen nasu ba su iya ba.

Na kama hannunta na ja. Hausa ta gudu daga bakina, Turanci kawai ke fita, ina ta nuna mata kan jaririya. Ta fizge hannunta tana dariya. "Ji shi, ya fara yaren nasu. Miji mai kuka a bainar jama'a! Gobe zan kai ƙara a raba auren."

Na ɗaga kai na hango Baba. Ya miƙe tsaye a gaban tamfol, yana kaɗa hularsa sama da ƙasa. Tsakaninmu faɗin fili ne, kuma in ya zagayo ta baya ba zai iso ba. Mai jifa ya karɓi sabuwar ƙwallo yana murza ta. Wanda ya san wasan ya san akwai ɗan shiru da ke sauka kafin jifa. A cikin shirun nan na ga Baba ya taka farin layin da ya ja da hannunsa, ya haɗa tafuka a baki.

"Inna! Juyo!"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ta ratsa filin gaba ɗaya. Kaka ta miƙe zumbur ta juyo da dukan jikinta, bakinta a buɗe, don ta ga wanda ya kira ta da sunan da bai taɓa kiranta da shi ba. Mai jifa ya riga ya ɗaga ƙafa.

Ta ukun ta same ta a ƙasan wuya, gefen dama. Ƙarar kamar an karya busasshen kara. Ba ta faɗi ba. Ta koma kan benci a hankali, hannun dama ya saki, na hagu ya zagaya baya ya tallafi goyo. Ƙanwata ta farka ta tsala kuka, kuma ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Na auna da idona daga baya, sau ba adadi. Inda ƙwallon ta sauka a gaba, nan ne daidai inda kan yake a baya.

Ƙashin ya karye biyu. A asibiti, da Mama ta tambayi yadda aka yi muka bar bayan raga, Kaka ta ce ita ta matsa a tashi saboda warin giya. Ba ta dube ni ba. Can da ɗakin ya rage daga ni sai ita, ta ce, "Maigida, ashe muryar ubansa ya ɗauko. Ka ce masa na ji."

Wani ma'aikacin filin ya kawo mana ƙwallon, tun da a al'adarsu tamu ce. Washegari da safe Baba ya kira ni. Na ɗauka duka ne, na ma shirya. Sai ya sa ƙwallon a tafin hannuna na dama. Ya kama na hagu ya ɗora yatsuna biyu a kan maɗigar ƙanwata, tana barci. Ya bar ni a haka, ɗaya na bugawa, ɗaya na nauyi. Da ya ga ya isa, ya karɓi ƙwallon ya tafi aiki.

Kaka ta koma gida bayan ta warke. Hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba har Allah ya karɓi ranta.

Yanzu 'yan wasan sun koma sabon fili a tsakiyar gari, mai kujeru da fitilu da babban allo. An bar wa ɗalibai tsohon. In na bi ta wurin ina ganin ƙofofin nan uku, kankaren ya ƙara lalacewa. A sabon filin raga ta yi nisa sosai, ta wuce inda muka zauna a wancan lokacin. Matan yanzu ma a ƙirji suke rataya jarirai. Ƙanwata dai da zane take goya nata ɗan, kuma ba ta tuna komai.

Kwanan baya ta ce mu je kallo, har da Baba, wanda yanzu da sanda yake tafiya. Ni na sayi tikiti. Kafin kowa ya zauna na taka har inda ragar ta ƙare, na taɓa ta, na dawo. Ana cikin wasa, ban shirya ba, na ji bakina ya ce, "Baba, ranar nan ba Kaka ce ta tashe mu ba. Ni ne. Ƙwallo nake so."

Bai juyo ba, don mai jifa ya ɗaga ƙafa. Sai da ƙwallon ta shiga hannun mai cafka, sannan ya ce, "Na sani. Daga kan tamfol ana ganin komai."