Ranar da Wutsiya Ya Ja Ayari

Ranar Talata, uku ga watan Maris, a shekara ta biyu da fara yaƙin, Akawu ya fara ganinsa. Yana zaune a ofishinsa na bariki, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon filin da ake jera motoci, sai ga mutum ya shigo buɗu-buɗu da ƙura, idanunsa kaɗai ake gani. Ya ƙame ya sara, ƙasar jikinsa ta zubo kan teburin da Akawu ya goge da safe. Ya ce shi ne kofur mai bin bayan ayari, alfarma ya zo nema.

Aikin 'yan sandan soja a lokacin shi ne raka motocin kaya tsakanin bariki da tashar jiragen ruwa. Su tafi wayam, su dawo da harsasai da barguna da buhunan gari. Ɗaya yana gaba a kan babur, da jar hula da farar safar hannu da jiniya. Shi ne direbobi ke kira Ango, don ba ya datti. Ɗaya kuma yana can ƙarshe, yana shan hayaƙin kowa, in mota ta lalace ya tsaya da ita har a gyara. Shi ne Wutsiya.

Alfarmar kuwa ita ce a sa shi gaba, ko da rana ɗaya. Gidan tsohuwarsa yana bakin titin. Kullum ta ji jiniya sai ta fito, ta ga Ango, hayaƙi ya kore ta ciki tun ɗanta bai iso ba. Ran da ta daure har ƙarshe, ya ɗaga mata hannu, ba ta gane shi ba. Maƙwabta har sun fara cewa ai ɗan nata wanke-wanke yake yi a kicin ɗin soja, ita kuma ta rasa bakin musu.

Akawu ya bayyana masa cewa shi ba ya sa kowa ko'ina, abin da Saje ya faɗa yake bugawa a tafireta. Saje kuma ra'ayinsa sananne ne: gaba kowane sakarai zai iya, baya sai mai haƙuri. Laifin Wutsiya ɗaya ne, ya iya aikinsa. Bai taɓa barin mota a daji ba, don haka ba a ga dalilin ɗaga shi ba.

Duk da haka bai daina leƙowa ba. Ya gaida Malam Akawu, ya tambayi iyali, ya bar masa ƙasa a tebur, ya tafi. Ran da ciwon haƙori ya kumbura wa Ango kunci, Akawu da kansa ya sa baki, wataƙila don tausayi, wataƙila don teburin. Saje ya yi tsaki ya yarda.

Wutsiya ya wanke babur, ya goga wa ɗamara alli, ya aika wa tsohuwa saƙo ta fito da kujera ta kira maƙwabta. Da safe ya kunna jiniya, ayari ya biyo shi. Komai lafiya har suka iso inda hanya ta rabu biyu, gab da unguwarsu. Nan ya gane cewa duk zirga-zirgar da ya yi, tamfol ɗin motar ƙarshe kawai ya sani, inda ta karkata nan yake karkata. Unguwar ma tun da aka yanka sabon titin soja bai shige ta ta wannan ɓangaren da ido buɗe ba. Tsayawa tambaya da jiniya a kunne kuwa abin kunya ne. Ya zaɓi ta dama, don ta fi faɗi.

Direbobi sun san ba nan ba ce. Amma doka ta hana su wuce ɗan rakiya ko yi masa ham, kuma lokacin yaƙi akan sauya hanya ba a gaya musu ba. Suka bi shi cikin ladabi har ramin da ake fasa dutse, inda ba wurin juyawa. Da baya da baya suka fito, sai la'asar. Jirgin ruwa ya kwana da kayansa.

"Kofur," in ji Saje, "dutse aka ce ka kawo mana?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin hanyar nan babu mota a gabana ba."

Tsohuwa ta yini a kujera ba ta ga kowa ba. Washegari wani direba ya tsaya shan ruwa a ƙofarta, ya ba da labari a gaban maƙwabta. Ta tambaye shi ko duk motocin ɗanta suka bi. Ya ce duka, har ta ƙarshe. Ta juya ta dubi matan.

"To, kun dai ji da kunnenku. Mai wanke-wanke ba ya ɓatar da ayari."

An cire masa igiya ɗaya ta muƙami, aka mai da shi baya, can ya zauna har yaƙi ya ƙare. Bai sake neman alfarma ba. Kafin a sallame shi daga soja aka mayar masa da igiyarsa. Ya yi gadi a wata masana'antar katako, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, ya rasu da ciwon ƙirji shekara goma sha ɗaya bayan yaƙin. Akawu ya je jana'izarsa.