Jan Farcen Inna a Kan Sandar Turbo

Har yau idan babbar mota ta wuce ni tana wannan siririn fito na turbo, sai na ji gabana ya faɗi. Ka yi haƙuri in gaya maka dalili, don na daɗe ina riƙe da shi.

Baba makanike ne a Tudun Wada, garejinsa a ƙofar gidanmu yake, a gindin wata bishiyar dalbejiya. Duk Zariya an san shi da gyaran turbo, na'urar nan da ke tura wa inji iska don ya ƙara ƙarfi, shi kuwa babu abin da yake taƙama da shi a duniya sai wannan suna. Tun ina 'yar shekara goma nake kai masa abinci, in tsaya ina zuba masa tambaya har ya gaji. Shi ya nuna mini wata 'yar ƙofa a jikin turbo, wadda take buɗewa ta saki hayaƙi idan iska ta yi wa injin yawa. Wata siririyar sandar ƙarfe ke riƙe da ƙofar. In an murɗa sandar ta gajarce, ƙofa ba ta buɗewa da wuri, mota ta ƙara ƙarfi. In aka zarce kuwa, injin ya tafi.

Baba ba ya wuce murɗi ɗaya. In ya gama sai ya aike ni in ɗauko jan farcen Inna, ya ja layi a kan notin, don duk wanda ya taɓa a gane. Inna ta yi ta mita, wai ita da motoci suke raba kwalliya.

A wata kaka, lokacin jigilar masara, Kawu ya kawo a-kori-kurar da yake tuƙa wa wani Alhaji. Kawu ƙanin Inna ne, kuma ni 'yar lelensa ce, ba ya zuwa hannu wofi. Motocin Alhajin nan kaf Baba ke duba su. Kawu ya ce motar ba ta ja in an yi mata lodi. Baba ya murɗa sau ɗaya, ya ja layinsa.

"Yaya, ƙara mata biyu mana," in ji Kawu.

"Injin nan ya tsufa. Ka rage buhuna."

Ranar Juma'a ce. Baba na shiga gida wanka, Kawu ya yafito ni, ya ce in ɗauko masa kwalbar jan farcen. Na ruga da murna, don ban taɓa ƙin aikensa ba. Ina tsaye ya kwance notin, ya murɗa sandar sau uku, ya goge layin Baba da fetur, ya ja sabo. Sannan ya ce kada in gaya wa kowa. Na san abin da murɗi uku yake yi, amma na yi gum.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. A rana ta uku da hantsi aka jawo motar da igiya daga Kwangila, baƙin mai na ɗiga a ƙarƙashinta. Injin ya buga. Kafin ka ce me, direbobi sun cika gindin dalbejiya, Alhaji kuma ya iso yana huci.

"Malam, ga jan layinka nan, ba wanda ya taɓa. Kai ka kashe mini mota!"

Baba ya sunkuya, ya bi sandar da farcensa a hankali yana ƙirga zarenta. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya dubi Kawu, wanda ya haɗa zufa sharkaf, ya kasa haɗa ido da kowa. Baba ya san in gaskiya ta fito, aikin Kawu ya ƙare, kuma babu mai sake ba shi mota a garin nan. Daga nan Baba ya juyo gare ni. Ina riƙe da kwanon abincinsa. Wallahi na buɗe baki zan faɗa.

"Shiga gida," ya ce.

Ina cikin zaure na ji muryarsa: "Alhaji, hannuna ne ya zarce. Zan haɗa maka injin."

Ya haɗa kuwa, amma Alhaji ya kwashe motocinsa, labari kuma ya zaga tasha. Mutumin da ake zuwa nemansa daga Kaduna ya koma canza birki da juyen mai. Bai taɓa tayar da zancen ba, ko da ni, ko da Inna. Wani lokaci ina jin haushinsa ma, don da ya zage ni da na samu sauƙi.

Yanzu an sare dalbejiyar, wurin ya zama shagon sayar da waya. Yaran yau da kwamfuta suke ƙara wa mota ƙarfi, kuma ita ba ta rufa wa kowa asiri. Baba ya rasu da sunan wanda ya kashe injin Alhaji. Kawu ne ya shiga kabari ya karɓe shi, aka ce da ƙyar aka fito da shi don kuka. Yana nan da ransa, ya tsufa, duk Sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe shi. Bai taɓa faɗa ba. Ni ma ban taɓa ba, sai yau da na gaya maka: hannun Baba bai zarce ba.