Man Rana na Auta

A layin da shagonta yake babu mai kiran ta da sunanta, Tela kawai ake ce mata, har mijinta ma in raha ta motsa masa. Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Keke biyu ne a ciki, na ƙafa da na lantarki, sai teburin yanka da wani dogon madubi da ya tsage a kusurwa. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, baƙa wuluk, kullum da tef rataye a wuya. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce riga za ta fito ran Laraba, to Larabar ce, abin da a wajen teloli ya isa a ba da labari.

Mahaifiyarsu ta rasu tun Tela ba ta gama wayo ba, yayarta ce ta raine ta. Ita ta goya ta, ita ta yi mata kitso, ita ta bar makaranta don ƙanwar ta ci gaba, daga baya kuma ita ta kama hannunta ta kai ta koyon ɗinki. Yaya tana da shagon kayan kwalliya a can cikin gari, daf da babban asibiti, kuma a ɗakin baya take haɗa man shafawa da kanta, irin wanda mata ke saya don su yi haske. Tela ba ta taɓa shafa shi ba, ba ta kuma taɓa ce mata uffan a kai ba. A wurinta abin da Yaya ta yi daidai ne, ko da bai yi kama da daidai ba.

Mijin Tela direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Sun haifi maza biyu, aka daɗe shiru, sannan Auta ta zo. Ta zo fara fat, gashinta kamar zaren auduga, idanunta na rawa in haske ya taɓa su. Zabiya ce. Masu zuwa barka suka riƙa leƙa zanin suna kallon juna. Direba ya ɗauke ta ya juya ta ya ce, “To, mun huta da sayen fitila.” Wata maƙwabciya ta fara cewa wai a danginsu ba a taɓa ganin irin wannan ba, Yaya ta miƙe ta ɗauko mata takalmanta ta ajiye mata a bakin ƙofa. Daga ranar babu wanda ya sake yin maganar a gaban Tela.

Rana ce ta fara koya mata darasi. Wata rana ta goya Auta zuwa sayen zare, kafin su dawo wuyan yarinyar da kunnuwanta sun yi jawur, washegari suka tashi da ƙuraje masu ruwa. Likitar fata a babban asibiti ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla. Fatar Auta ba ta da abin da ke kare sauran mutane daga rana, don haka sai hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana kullum, ko da hadari ya rufe gari. An sha fama kafin a dace da man. Na farko ya sa yarinyar hawaye don yajin da yake mata a ido, na biyu mai ƙamshi ya fesa mata ƙuraje. Wanda ya karɓe ta wani fari ne mai kauri, ba ƙamshi ba wari, likitar ta ce sinadarin zink ne a ciki, a saman fata yake zama ya tare rana kamar rumfa.

Man yana da tsada a kanti, amma wata ƙungiya tana kawo shi asibitin a raba wa yara zabiya kyauta duk wata. Matsalar layi ce. In ka je da safe, sai rana ta take kafin a zo kanka, ga nisa, ga ɗinkin mutane na jira.

“Ke da wahalar da kai,” in ji Yaya. “Ga ni nan a bakin asibitin. Ba ni katin Auta na karɓar man, in karɓo in aiko miki.”

Tela ta ba ta katin tana sa mata albarka.

Shekaru suka tafi lafiya. Kowace safiya Tela za ta tsayar da Auta a tsakanin gwiwoyinta ta shafe ta, goshi, hanci, bayan kunne, ƙeya, har tsakanin yatsu. Man yakan bar fari a baƙin hannunta, sai ta wanke da sabulu sau biyu kafin ta taɓa yadin mutane. Direba yakan ce in aka ci gaba a haka, uwar ma za ta bi ’yar.

Wajen lokacin da Auta ta shiga makaranta ne man ya canza. Robar dai ita ce, rubutun shi ne, amma abin da ke fitowa ya yi ruwa-ruwa, yana da ɗan ƙamshi, kuma da an murza sai ya ɓace. Tela ta tambayi Yaya a waya.

“Kamfanin ne ya sake haɗi,” in ji Yaya. “Ai wannan ya fi ma. Ba ki ga ba ya barin farin nan mai kama da alli?”

Tela ta ce haka ne, har ta ji daɗin ta huta da wanke hannu.

Sai Auta ta fara dawowa daga makaranta fuskarta jawur. Tela ta ce cire hula take yi. Yarinyar ta ce ba ta cirewa. Tela ta ce to wasa take shiga cikin rana lokacin tara. Ta ce a baranda take zama ita kaɗai. Malamar ajin ma ta shaida hakan, Tela ta ɗauka rufa mata take yi. Ran da ta ga fatar ƙeyar yarinyar na saɓulewa, ranta ya ɓaci ta ɗauki ma’aunin katako na kan tebur ta zuba mata a ƙafa, tana cewa, “Ni za ki yi wa ƙarya? Ina kashe kaina a kanki kina zuwa kina gasa jikinki?” Auta ta yi kuka har ta shiɗe, tana ta maimaita cewa ba ta cire ba.

Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Fatar kumatunta ta yi laushi har ana ganin ƙananan jijiyoyi, wani miki mai kaushi ya fito a saman kunnenta na hagu, ya bushe ya dawo, ya bushe ya dawo. Yaya ta zo ta duba ta ce zafi ne kawai, a ƙara yawan man. Tela ta ƙara, safe da rana.

Direba ne da ya dawo daga wata doguwar tafiya ya ɗaga fuskar ’yarsa ya daɗe yana kallo, ya ce gobe asibiti za su, ko ɗinkin wa ke jira.

Likitar ta duba kunnen da ƙeyar da wata ’yar fitila, fuskarta ta canza. Ta tambaya ko ana shafa man. Tela ta ce ko rana ɗaya ba ta taɓa tsallakewa ba, ta ciro robar daga jaka ta miƙa. Likitar ta matsa kaɗan a bayan hannunta, ta shinshina, sannan ta juya robar ta duba gindinta inda aka liƙe. Ta buɗe durowa ta ɗauko wata sabuwa ta matsa a gefen na farko. Fari ne mai kauri, irin na da.

“An ce kamfanin ya canza,” in ji Tela.

“Bai taɓa canzawa ba. Duba nan. An yanka gindin, an zuba wani abu, an mayar an liƙe da wuta. Wannan ba ya kare komai. Kuma yadda fatar ta yi laushi, ina zargin akwai irin abin da ake sawa a man bilicin. Wa yake karɓo miki?”

Direba ne ya amsa, “Yayarta.”

“Uwa ɗaya uba ɗaya,” in ji Tela, kamar wannan zai gyara maganar.

Ta bar Auta da ubanta a layin magani ta fita. Shagon Yaya tsallaken titi ne kawai. Tana tafe tana haɗa wa yayarta uzuri. Wataƙila aike take yi, ɗan aiken ya cuce su duka. Wataƙila a cikin asibitin ake musanyawa.

Yaya ta tare ta da fara’a, ta janyo mata kujera, tana tambayar Auta. Kafin Tela ta zauna sai wata mata ta shigo, fuskarta fara tas, gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe. Ta ce, “Anti, na asibitin nan ya zo? Rana tana cinye mini fuska, shi kaɗai ke yi mini.” Da sauri Yaya ta ce mata ta dawo da yamma, ba ta kalli ƙanwarta ba.

Tela ta ɗaga labule ta shiga ɗakin baya. Ga bokitan haɗi, ga ludayi, ga ƙananan kwalabe cike da farin mai mai kauri an jera su a kan kanta. A gefen taga kuma robobi biyu na asibiti, an yanke gindinsu an wanke an kife su bushe.

Yaya ta biyo ta ta saki labulen.

“Tun yaushe?” in ji Tela.

“Ki tsaya ki ji.”

“Tun yaushe, Yaya?”

“Da farko rabi kawai nake ɗiba in cika da nawa. Masu shafa man haske rana na ƙona su, in ban ba su abin da zai tare ba, sai su ce haɗina ne ba shi da kyau su koma wani shago. Na ga yarinya a aji take yini, ga hula, ga dogon hannu. Kuma nawa ma ai mai ne mai kyau, manyan mata ke shafa shi.”

“Kin zo kin ga kunnenta. Kika ce in ƙara.”

Yaya ta ce, “Ni fa na raine ki. Duk abin da na yi miki a duniya, a kan man shafawa za ki tsaya kina tuhumata kamar ɓarauniya?”

Tela ta dube ta. Ta so ta yi ihu, ta so ta kifar da bokitan. Amma abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, “Na doke ta, Yaya. Tana ce mini ba ta cire hula ba, ina dukan ta.” Ta miƙa hannu ta ce a ba ta katin. Yaya ta lalubo shi a jaka ta ba ta, Tela ta fita.

An yi sa’a an tari mikin da wuri. Likitar ta ƙone shi da wani magani mai sanyi, ya warke ya bar tabo a saman kunnen, kumatun kuma suka ɗauki watanni kafin su dawo daidai. A ranar da suka koma gida Tela ta durƙusa a gaban Auta ta ce ta yafe mata, ashe gaskiya take faɗa. Yarinyar ta ce, “Ai na gaya miki, Mama,” ta ci gaba da wasanta. Wannan amsar ta fi komai tsaya wa Tela a rai.

Direba ya so a kai maganar ga hukuma. Tela ta ce a’a, ba za ta iya ganin an tasa Yaya a gaba ba, amma ta gaya wa likitar gaskiya duka, aka daina ba kowa man sai iyayen yaro. Kawunsu ya zo har shago ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya ce jini ɗaya ne, a yi haƙuri, Yaya tana can ta rame don damuwa. Tela ta saurare shi har ya gama, tana ɗaurin maɓalli. Ta ce, “Kawu, ni ban yi faɗa da kowa ba. In mun haɗu zan gaishe ta.” Haka kuwa ake yi. In sun haɗu a gidan dangi takan rusuna ta gaishe ta, ta tambayi jiki, ta koma wani gefen ta zauna da Auta a jikinta.

Yanzu duk wata takan rufe shago ta je ta bi layin da kanta. Kafin ta bar tagar da ake raba man sai ta juya robar ta duba gindi, ta buɗe ta shinshina, ta murza a hannu ta ga farin ya zauna. In za ta ƙara da na kanti, sai yaron kantin ya karanta mata abin da ke ciki, in ta ji babu zink ko akwai turare ta mayar. Har Direba ta sa yana shafawa a hannun da yake jinginawa a tagar mota, yana gunaguni wai abokan aikinsa na kiran sa amarya. A layin ne sauran iyaye suka ga hular Auta, mai faɗin baki da labule a ƙeya, suka tambayi inda aka saya. Yau kusan rabin ɗinkinta huluna ne da riguna masu dogon hannu na ƙananan yara, kuma duk uwar da ta zo karɓa sai Tela ta tambaye ta wa ke karɓo mata mai.

A bara Yaya ta aiko da wani leshi mai tsada ta hannun Kawu, wai a ɗinka mata, ta ce babu telan da ya san jikinta kamar ƙanwarta, in an gama za ta zo gwaji da kanta. Tela ta karɓa. Ba ta buƙaci awo ba. Ta yanka shi a tsanake, ta yi masa aikin wuya da hannu, ta goge ta ninke, ta ba Direba ya biya ya ajiye wa Yaya a shagonta a kan hanyarsa ta fita gari. Kawu ya ce rigar ta zauna mata cif, babu inda za a gyara.