Tazarar da Tauno Ya Bari a Saman Ƙofa

Da Tauno ya jera gumagumai yana gina gidansa a bakin tafkin Saimaa, sai ya bar tazarar yatsa huɗu a saman ƙofa, ya cusa gansakuka.

"Maigida, mu ka yi wa ƙofar ko sanyi?" in ji matarsa Aune.

"Gidan itace zama yake yi, yana sauka ƙasa a hankali. In ban bar masa wuri ba, zai danne ƙofar ta ƙi buɗuwa."

Ta ja tsaki, amma ita ta riƙa ƙara gansakukar duk hunturu.

Bara aka binne Aune. Jiya Tauno, wanda yanzu ya tsufa, ya laluba saman ƙofar. Tazarar ta daɗe da rufewa, amma abin da ta cusa da yatsunta yana nan, gidan ya riƙe shi gam.