Murafun Kabad ɗin Babanmu

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, gara ta cinye murafun kabad ɗin da ya haɗa da hannunsa a ɗakin mahaifiyata a Kiru. Ɓeraye suka samu gidan haya kyauta. Yayana ya sayo murafu daga Kano, na MDF, katakon nan da ake matse garin itace a yi shi, sumul har da sheƙi. Aka kara su, ko ɗaya bai zauna ba.

Ransa ya ɓaci, ya ce, “Inna, wannan kabad ya gama yayi. In na dawo da Sallah zan sa a fasa shi, a kawo miki sabo.”

Inna dai sai shafa gefen kabad ɗin take yi. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce, “Yaya, a bar min shi, ni zan yi murafun.” Ya dube ni sama da ƙasa, don ya san ko kujerar tsuguno ban taɓa haɗawa ba.

Na sayo fallen MDF a Kwanar Ɗangora, na ɗauro shi a bayan babur, iska tana neman tashi da ni. Na ari zarto wurin abokina, yana ta min tsiya wai in na yanke yatsa kar in ambaci sunansa. Murfin farko ya dare da na buga masa ƙusa a baki. Na biyu na bar shi a tsakar gida, yayyafi ya taɓa shi, ya kumbura kamar burodi. Na ce wallahi ba zan bari ba.

Na uku ya fito tsaf, kusurwa daidai, amma shi ma ya ƙi shiga. Sai a lokacin na lura ashe kabad ɗin ne a karkace, don Baba da taƙin hannunsa ya auna. Na ajiye tef ɗin awo, na yanko karan dawa, kowane gefe na yanka masa karansa, na yi murafun a karkace yadda gidansu yake. Na shafe bakunan da fenti saboda laima, na huda kafin in ɗaura sukuru.

Suka shiga. Na hagu kawai ba ya rufuwa sai an ɗan ɗaga shi. Na ce, “Inna, bari in cire in rage shi.”

Ta riƙe hannuna. Ta sa gwiwa ta ɗan tallafe shi, ya rufe ƙyas.

“Kar ka taɓa. Haka na babanku yake.”

Na fita waje don kar ta ga idona. Da Yaya ya dawo bai sake ta da maganar fasawa ba. Na sha yin murafu bayan nan, waɗanda suka fi su kyau nesa ba kusa ba, amma har yau in na je gida, sai na sa gwiwa na rufe wannan da kaina.