Tayoyin Aro

Kafin a fara nuna ni da baki a tashar Funtua, ni mai faci ne, kuma na iya aikina. Rumfata tana bayan tasha, inda manyan motocin auduga ke juyawa. Jak biyu gare ni, da famfon hannu, da murhun gawayi na gasa faci. Har shekarar da tuƙi ya koma hannun dama ban taɓa taka ƙofar caji ofis ba, ko da a matsayin shaida. Ina faɗin haka ne don ku samarin da ke shirin shiga harkar mota ku san ba da mugun hali aka haife ni ba. Ba kuma tausayi nake nema ba. Abin da na yi na yi, na kuma sha hukuncinsa, abin da wasu alhazan garin nan ba za su iya faɗa game da kansu ba.

A wancan lokaci, idan ɗan sanda ya tsayar da mota ya ga taya ta cinye ko fitila ta mutu, yakan tura ta wurin mai duba lafiyar motoci. In ta ci jarrabawa a ba ta takarda, in ta faɗi ta tsaya har a gyara. Wata safiya wani direba ya zo mini gumi sharkaf, ya nuna wata sabuwar taya da aka ba ni ajiya, ya ce, "Mai faci, ara mini wannan zuwa azahar, in je a duba ni in dawo maka da ita." Na ɗaura masa. Da azahar ya dawo da takardarsa yana dariya, na kwance kayana na mayar masa da tsummansa. Goron da ya danƙa mini ya fi abin da nake samu a facin yini guda. Ranar ban ji na yi laifi ba, taimako na ɗauka na yi.

Kafin kaka ta zagayo na mallaki sababbin tayoyi shida, daidai ƙafafun gingimari ɗaya. Na ƙara da fitilu biyu, da madubi, da tukunyar kashe gobara. Na kewaye bayan rumfa da zana. Mota ta shigo da safe a tsiraice, ta fita a kintse kamar mai zuwa gidan suna, ta dawo bayan la'asar ta tuɓe. Direbobi suka sa wa kayan suna kayan biki. Tayoyin nan sun ci jarrabawar da ban san adadinta ba, alhali ba su taɓa zuwa ko Bakori ba.

Da wani mai wayo ya musanya mini guda ɗaya da tsohuwa, sai na je maƙera aka yi mini ƙarfe mai siffar sawun kaza, irin alamar da mahaifina ke yi wa jakunansa. Na gasa shi a murhuna na ɗosa wa kowace taya a gefe, dab da rubutun kamfani. Na yi ta yabon kaina da dabara.

Saje da kansa ya nemo ni. Shi ne babba a shingen 'yan sanda da ke hanyar Malumfashi, kuma ba zan faɗi sunansa ba, don yana da jikoki da ba su yi mini komai ba. Ya zauna a bencina ya ce, "Mai faci, na ji kana da 'yan mata shida da ke zuwa biki kullum." Na buɗe baki zan musa. Sai ya yi dariya ya ce shi ba kamu ya zo ba. Shi zai riƙa tsorata direba ya turo mini, ni kuma in riƙa tunawa da shi. Muka ƙulla.

Ga abin da ya fi muni a cikin sana'ar, kuma shi nake so ku riƙe. Na san haƙƙin direba sarai. Akwai Baba Rasaƙi, Bayarabe haifaffen Funtua mai yankan inshora a bakin tasha, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Sau da yawa na ji yana yi wa direbobi bayani: in an tsayar da kai, sai an faɗa maka laifinka, kuma kana iya cewa a rubuta. In takardar inshorarka na gida, doka ta ba ka 'yan kwanaki ka kai ta caji ofis. In mota na da aibi, gyara ne ko kotu, ba wanda ya isa ya cinye maka mota a bakin hanya. Amma direbobi sun fi gaskata ni, don ni nasu ne, tare muke cin tuwo. Ni kuwa in sun tambaye ni sai in girgiza kai in ce, "Wane kotu? Motarka za ta ruɓe a caji ofis kafin a kira sunanka." Tsoronsu shi ne jarina.

Isuhu abokina ne tun muna samari. Mutumin Tsiga ne, doguwar gingimari gare shi tsohuwa, tasa ta kansa, yana ɗebo auduga daga fulotai, wato kasuwannin auduga na ƙauye, zuwa gidan gurza. Taurin kai gare shi, kuma yana yawan zama wurin Baba Rasaƙi. Wata Laraba Saje ya tsayar da shi. Tayoyin gaba sun cinye har zare ya fito, takardar inshora kuma ya baro ta a adakar matarsa. Ina wurin, na kai wa Saje saƙonsa. Saje ya fara waƙar da ya saba, cewa mota ta zama ta gwamnati, direba kuma sai kurkuku. Isuhu ya sauko ya tsaya a gabansa.

"Yallaɓai, inshora ina da ita, gobe zan kawo maka har ofis. Taya kuwa gaskiyarka ce, ta mutu. Rubuta mini laifina a takarda. In kotu ce mu je, in gyara ne in ajiye mota in sayar da bijimina in sa sabuwa. Amma sisi ba zan ba ka ba."

Wallahi na ga Saje ya yi laushi. Motoci uku ne a layi, duk direbobin sun leƙo suna saurare. Ya laluba aljihu yana neman biro, ya rubuta masa takardar zuwa wurin mai duba motoci, ya ce ya kawo inshorar. Da ya juya sai ya harare ni, na kuwa gane. In Isuhu ya bi hanyar nan ya fita lafiya, kafin Juma'a duk tasha ta ji, ni da Saje sai mu nemi wata sana'a.

Na ja Isuhu gindin wata ɗorawa. Na ce masa kakar auduga kwana nawa ce, da zai ajiye mota ya tafi kasuwa jan bijimi? Na ce da me zai yi huɗa in damina ta sauka? Na ce ya zo in ɗaura masa kayan biki kyauta, don abota, in ya yi sawu uku ko huɗu ya sayi tayarsa hankali kwance. Muka koma jikin motar, ya dubi tsofaffin tayoyinsa. Ya ce, "Kai ka fi ni sanin taya. Za su kai ni mako guda?" Na buga su da ƙafa kamar mai gwadawa, na ce za su kai wata. Ƙarya na yi, ban ma duba ba.

Ya kai inshora, ya ci jarrabawa da tayoyina, na kwance abina. Ranar Lahadi da hantsi ya ɗauko lodi daga wani fuloti bayan Malumfashi, manoma biyar a saman buhuna suna bin audugarsu. A wata gangara tayar gaba ta dama ta fashe. Mutum biyu suka rasu nan take. Ɗayansu Ranau ne, wani Bamaguje mai fara'a da ya saba kawo mini facin kekensa, ya kuma bar mini rogo a kan benci ko ban tambaya ba.

Aka kama Isuhu da karyayyen hannu. Takarda ta ce an ga tayoyi sababbi kwana uku da suka wuce, ga kuma tsumma a jikin mota. Aka tuhume shi da yaudarar hukuma da ganganci da ran mutane, kuma in shi kaɗai ya ɗauka, shekarun da zai yi ba kaɗan ba ne. Ya faɗi gaskiya, ya ce aro aka ba shi. Da aka tambaye ni na rantse ban san zancen ba. Aka bincika rumfata ba a ga komai ba, don Saje ya riga ya aiko mini na kwashe. Ya kuma ce in ƙone su. Na tara kara, na ɗauko kananzir, na tsaya ina kallon tayoyin nan shida sumul, sai na kasa. Bayan mako biyu na ci gaba da ba da haya.

Ranar shari'a aka kira ni shaida, na sa farar riga na maimaita ƙaryata. Isuhu bai ko dube ni ba. Ya roƙi majistare a ba shi alli, ya durƙusa da hannunsa mai lafiya ya zana sawun kaza a simintin kotu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan alamar tana jikin kowace taya da aka ɗaura mini." Mai duba motoci yana zaune, shi ma shaida aka kira shi. Ya miƙe ya leƙa zanen, sai ya dafe kai.

"Ranka ya daɗe, ai shekara da shekaru ina ganin wannan. Wallahi na ɗauka tambarin kamfani ne. Yanzu haka akwai mota a filina mai irinta, na ce ta jira in dawo daga kotu."

Kotu ta fashe da dariya, har majistare ya buga tebur. Ni ne na ɗaura wa motar nan tayoyin da hannuna da sassafe, kafin in sa farar rigata. Kafin la'asar an kawo tayoyin, an kawo ƙarfen daga rumfata, an kawo maƙerin da ya ƙera shi.

Da na ga ta ƙare sai tsoro ya sake ni. Na faɗi komai, na kira sunan Saje da babbar murya yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce a tambayi direbobin tasha wanda bai taɓa sa kayan biki ba ya ɗaga hannu. Ba wanda ya zo ya ba da shaida. Saje canjin wurin aiki kawai aka yi masa. Aka ba ni shekara huɗu, Isuhu shekara biyu, aka soke lasisinsa. Kamfanin inshora ya samu ƙofa, ya ce motar da aka duba da yaudara ba ruwansa da ita. Iyalan Ranau da na ɗayan mamacin ba su ga komai ba.

Gidan yari ba zan ba ku labarinsa ba, gabza da ƙwarƙwata ne da aikin gona. Abin da ya fi su cina shi ne tambayar nan ta Isuhu, za su kai ni mako guda? A can na tuba, tsakanina da Ubangijina, ba don ganduroba ya gani ba.

Da aka sake ni, kafin in je gidanmu na hau mota zuwa Tsiga. Na tarar da Isuhu a gonarsa yana noma da fartanya, hannun nan bai miƙe daidai ba. Na durƙusa a kunya na ce ya yafe mini. Ya jingina da ƙota.

"Tayoyin na yafe," in ji shi, "ni ma da hankalina na karɓa. Ƙaryar kotu ma na yafe, tsoro ne. Amma ranar nan a shinge na tsaya da ƙafafuna, ka kuma san ni ke da gaskiya. Saje bai iya zaunar da ni ba, kai ka zaunar da ni. Wannan ka bar ni tukuna." Na tambaye shi ina bijimin. Ya ce an sayar da shi a makon da aka ɗaure shi, don yara su ci abinci.

Na koma bayan tasha na kafa rumfa a inda take. Waɗanda suka yi arziki da tayoyina yanzu alhazai ne masu motoci goma, in na gaishe su sai su dubi agogo. Su duba. 'Yan sanda kuma ba sa ƙaunata, don duk direban da ya zauna a bencina sai na karanta masa karatun Baba Rasaƙi kyauta. Sau biyu ana rushe mini rumfa, sau biyu ina tayar da ita. Wanda ya riga ya kwana a gidan yari ba a tsorata shi da harara.

To ku ji, samari. In an tsayar da kai, ka sauko da ladabi, ka tambayi laifinka, ka ce a rubuta. In takardarka na gida, ka nemi kwanakin da doka ta ba ka, ka kai ta. In an ce tayarka ta mutu, kada ka yi gardama in ta mutu ɗin, ka ajiye mota ka sayar da abin da za ka sayar. Ɗan sandan da ke maka tsawa a fili ba shi ne abin tsoro ba. Ka ji tsoron wanda zai ja ka gefe, ya kira ka da sunanka, ya ce zai taimake ka don abota.

Duk kaka nakan je Tsiga in taya Isuhu cirar auduga. Yana karɓar gaisuwata, yana ba ni fura, muna hira har a kira sallah. Shekara shida ke nan ina jira, har yau bai ce ya yafe ragowar ba, ni kuma ban sake tambaya ba.